Za Mu Neme Ka

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Sarkin Ruma da na ƙasar Yariman Katsina, wato Batsari da Safana, domin a ƙofar gidansu za mu shimfiɗa tabarmar zancen yau, ko da yake abin da za mu tattauna bai ƙyale kowa ba, tun daga Jibiya har Funtuwa.

Akwai wata 'yar magana mai kalmomi huɗu wadda, in da za a tara samarin da suka yi karatun boko a waɗannan ƙananan hukumomi biyu, da 'yan matan da iyayensu suka daure suka kai su kwaleji duk da halin da ake ciki, a ce duk wanda aka taɓa faɗa masa ita ya ɗaga hannu, to da wuya a ga hannun da ya rage a ƙasa. Maganar ita ce: "Za mu neme ka." Da ita ake rufe ganawar neman aiki, wadda yaran zamani ke kira intabiyu. Da ita ake sallamar mutum daga ofis, da murmushi, wani lokaci har da musafaha, galibi kuwa ita ce magana ta ƙarshe da zai ji daga bakin waɗannan mutane har abada.

Bari in fara da abin da na gani da idona, tun da an ce gani ya kori ji. Ina da ɗan ƙanwa, wanda iyayensa suka baro ƙauyensu na bakin dajin Rugu suka dawo cikin garin Batsari da zama, kamar yadda ɗimbin bayin Allah suka yi sa'ad da kwana a ƙauye ya gagara. Yaron ya gama karatun malanta, yana riƙe da takardarsa ta NCE, yana ɗan taɓa noma a gonar aro, sai cikin watan Agusta na 2021 saƙo ya shigo wayarsa cewa wata ma'aikata, wadda ba zan kama sunanta ba, tana kiransa ganawa a birnin Katsina. Uwarsa, da yake ba ta da abin hannu sai tunkiya guda da ta tsira da ita, ta sa aka ja ta kasuwa aka sayar. Da kuɗin ya karɓo takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ya yi fotokwafin takardunsa, ya ɗauki hoton fasfo, ya sayi sabon fayil, ya ware kuɗin mota zuwa da dawowa. Takalmin da ya sa na abokinsa ne, rigar kuwa shi ya goge ta da dutsen guga na gawayi, ya naɗe ta a leda don kada ta yamutse a hanya. Ya kwana a zauren wani ɗan'uwa a cikin birni, ya yi sammako, ya zauna a kan benci tun hantsi har bayan la'asar, sa'an nan aka kira shi gaban mutum uku, suka yi masa tambayoyin da ba su kai minti goma ba. Da zai fita, babbansu ya dube shi ya ce: "Madalla, ka yi ƙoƙari. Ka bar wayarka a kunne, nan da mako biyu za mu neme ka."

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar in tuna musu abin da ya biyo baya. Cikin watan Satumba na wannan shekara, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki. To, ku dubi halin yaron da aka ce ya bar wayarsa a kunne, alhali garin duka babu sabis. Sai ya riƙa shiga mota yana bin hanyar Katsina har inda wayar za ta farfaɗo, ya sauka a bakin titi, ya ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa, ya jira ko wani saƙo zai faɗo, in bai ga kome ba ya tsallaka titi ya nemi motar komawa. Ana cikin haka wani ɗan'uwanmu ya aiko daga Kano cewa yana son yaro amintacce da zai tsare masa shago. Na ce masa ya tafi, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, ai sun ce za su neme ni, kada in tafi a kira ba na kusa." Aka ba wani shagon. Da aka dawo da layukan, saƙonni suka yi ta shigowa, na ta'aziyya, da na tallar kamfanonin waya, da na 'yan'uwa masu tambayar lafiya, amma babu nasu. Sai daga baya, a wurin wani taron suna, ya ji daga bakin wani cewa an cike guraben nan tun kafin ma a katse waya.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin sharhin nan. Ba na ƙorafi don ba a ɗauke shi ba, domin mai yiwuwa waɗanda aka ɗauka sun fi shi cancanta, arziki kuwa na Allah ne, yana ba wanda ya so. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne an yanke hukunci, an san sakamako, lambarsa tana rubuce a saman fayil ɗinsa, layin waya kuma yana nan lafiya a wannan mako, amma ba a sami mutum guda a wannan ma'aikata ba wanda ya ga cewa yaron nan ya cancanci a ce masa: yi haƙuri, ba ka samu ba. Da an faɗa masa, da ya yi baƙin cikin kwana biyu, ya ɗauki jakarsa ya nufi Kano.

Wani zai ce ai wannan ɗabi'armu ce, Bahaushe mutum ne mai kunya da kara, ba ya iya duban idon mutum ya ce masa a'a. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma idan muka duba al'adarmu da kyau za mu tarar kakanninmu, duk da kunyarsu, sun tanadi hanyar sallamar mai nema ba tare da an tozarta shi ba, ba kuma tare da an bar shi a rataye ba. Ku dubi 'yan ƙwadago da ke taruwa da asuba a bakin kasuwa lokacin noman farko ko maimai, kowa da fartanyarsa a kafaɗa. Mai gona zai zo ya zaɓi biyar, a yi jinga, a tafi, sauran kuwa tun rana ba ta yi zafi ba sun san matsayinsu, sun nufi wata ƙofa. Ku dubi neman aure, wanda ya fi neman aiki nauyi da kunya. Idan aka kai gaisuwa gidan yarinya, iyayenta kuma ba su da niyyar bayarwa, ba sa yin shiru shekara guda. Dattijo ake tashi ya je ya ce a yi haƙuri, an riga an yi mata miji, a mayar da kayan da aka kawo, zumunci kuma ya ci gaba. Ashe kara ba ta taɓa hana Bahaushe ba da amsa ba, iyaka dai ta koya masa ya zaɓi lafazi mai taushi da manzo mai mutunci. Shirun da ake yi yau, in muka kira shi kunya mun zalunci kunya. Sunansa na gaskiya rashin ɗaukar mai nema a bakin kome.

Idan muka koma ga abin da muka karanta a zaure gaban malamanmu, mas'alar ta fi haka fitowa fili. Ɗalibin da ya kai babin ijara a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ko a Muhtasar na Shaihu Halil, ya san cewa shari'a ba ta son garari da jahilci a cikin ƙulla mu'amala, tana son a san lada, a san aiki, a san ajali, domin kada ɗaya ya kwana da yaƙini ɗaya ya kwana da shakka. Ƙissar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ƙasar Madyana, kamar yadda ta zo a Suratul Ƙasasi, ita ce ganawar neman aiki mafi tsufa da yawancinmu muka sani: an ga ƙarfinsa, an ga amanarsa, an kira shi, an faɗa masa sharaɗi na shekara takwas, in ya so ya cika goma, aka ƙare magana a zama guda. Alƙur'ani kuma, a Suratun Nisa'i, ya hana miji ya bar matarsa kamar mu'allaƙa, wato wadda aka rataye, ba ta da aure ba ta da saki. Duk da cewa hukuncin na zaman aure ne, hikimarsa ta isa ta nuna mana yadda addini ke ƙyamar a tsare rayuwar mutum tsakanin sama da ƙasa.

Akwai kuma wani bayani a mazhabarmu ta Malikiyya da ya kamata duk mai zama bayan tebur yana yi wa 'ya'yan mutane tambayoyi ya sani. Fuƙaha'u sun yi saɓani a kan ko alkawari yana lazimtar wanda ya yi shi har alƙali ya tilasta masa cikawa, amma mashhurin zance a mazhaba, wanda aka jingina ga Ibnul Ƙasim da Sahnunu, wanda kuma Shaihu Haɗɗabi ya yi dogon bayani a kansa cikin littafin da ya keɓe ga mas'alolin lazimtawa, shi ne cewa idan alkawari ya rataya ga wani sababi, wanda aka yi wa alkawarin kuma ya shiga wata ɗawainiya saboda dogaro da shi, to cikawa ta zama wajibi. Misalin da suke bayarwa shi ne mutum ya ce wa maƙwabcinsa ya rushe gidansa, shi zai ranta masa kuɗin sabon gini. In ya rushe, ba shi da ikon janyewa. Ni ba mufti ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba, amma ina tambaya: wanda ya ce wa yaro ya bar wayarsa a kunne, yaron kuma ya ƙi aikin Kano saboda wannan magana, ashe bai sa shi ya rushe gidansa ba? Bai yi masa alkawarin aiki ba, wannan gaskiya ne, amma ya yi masa alkawarin amsa, alkawari kuwa kaya ne, saɓa shi kuma yana cikin alamomin nan uku na munafunci da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace.

Dattawan da suka yi aikin En'e da na gwamnatin Jihar Arewa suna nan da ransu, ku tambaye su. A wancan zamani, da babu wayar hannu, babu kwamfuta, sai tafireta da takardar kabon, akawu yakan zauna ya buga takardar ban haƙuri, a sa ta a ambulan, a manna kan sarki, ta bi gidan waya, ta kwana a hanya, wani lokaci ta bi ta hannun hakimi ko hedimasta kafin ta isa ga mai ita. Mutum yakan buɗe ya ga bai samu ba, ransa ya ɓaci, amma yakan adana takardar, domin ko ba kome ta shaida cewa hukuma ta san da zamansa. Abin mamaki shi ne yau da saƙo ke isa cikin ƙiftawar ido, da kuɗin da bai kai na ƙullin gishiri ba, yau ne amsa ta yi tsada.

Adalci ne mu saurari uzurin masu ɗaukar ma'aikata, domin suna da shi. Za su ce masu nema sun yi yawa fiye da ƙima, haka ne kuwa. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, ranar da Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na ƙasar nan, mutum fiye da rabin miliyan, kowa ya biya naira 1,000, suna neman guraben da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsutsu, aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu. Ba mu manta ba kuma cewa sa'ad da aka buɗe rukuni na uku na shirin N-Power a 2020, waɗanda suka nema sun haura miliyan 5, a kan alawus na naira 30,000 a wata. Wa zai iya rubuta wa wannan taro wasiƙa ɗaya bayan ɗaya? Amma wannan hujja, in aka auna ta, ba ta rufe inda ake son ta rufe ba. Ba a kan duk wanda ya jefa takarda muke magana ba. Muna magana a kan wanda kuka tace, kuka zaɓa, kuka kira da kanku, ya bar garinsu ya biyo hanyar da kowa ya san hatsarinta, ya zauna a gabanku kuka ga fuskarsa. Waɗannan ba miliyan ba ne, galibi ba su wuce cikin aji guda ba. Na'urar da ta aika musu saƙon gayyata a dunƙule ba ta mutu ba bayan ganawa, da ita za a aika na sallama.

Sa'an nan a lura, wannan shiru ba nauyinsa ɗaya ba a kan kowa. Ɗan birni da ya je ganawa ya dawo, asararsa kuɗin Keke Napep da wuni guda, gobe kuma yana iya leƙawa ofishin ya ji labari daga bakin masinja. Amma wanda ya taso daga Runka ko Zakka, ya biyo ta Dutsin-Ma, ko wanda ya fito daga Wagini ko Ruma, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, kowace leƙawa a wurinsa tiyoyin hatsi ne aka fitar daga rumbun da dama bai cika ba. Ita kuwa yarinya, sai an nemi muharramin da zai raka ta, kuɗin mota ya zama biyu, in kuma aka yi shiru, sai masu cewa dama karatun 'ya mace ɓata lokaci ne su sami abin faɗa.

Mafsadar da ta fi wannan girma ita ce abin da shiru ke shukawa a zukata. Inda babu bayani, zato ne ke zama sarki. Yaron da bai ji kome ba ba zai ce an sami wanda ya fi shi ba, cewa zai yi ganawar duka wasan kwaikwayo ce, an riga an raba guraben a falon wani babba, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wani lokaci zatonsa kuskure ne, wani lokaci kuwa daidai ne, domin a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya zauna a Abuja yana binciken sayar da guraben aiki, mutane suka zo suka ba da shaida da bakinsu cewa sun biya naira miliyan ɗaya ko fiye don a ba su takardar kama aiki. A cikin wannan duhu ne ɗan damfara ke cin kasuwarsa: ya bugo waya ya ce sunanka ya fito, saura ka turo kaza a saki takardar kama aiki, wanda ya yi wata uku yana jiran kira kuwa, duk muryar da ya ji sai ya ɗauka ita ce. A yankin da ke bakin daji, inda masu ɓarna ke neman samari masu jin cewa hukuma ta mance da su, bai kamata wani mai hankali ya raina wannan ba.

Ba mu rasa abin koyi a gida ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne domin Malam Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, a ciki kuwa ya sanya kula da hanyoyin abincin talakawa da ƙarfafa masu sana'a cikin wajiban shugaba. A zamaninmu kuma, cikin 2023, gwamnatin Malam Dikko Umar Raɗɗa ta ɗauki malaman makaranta 7,325 bayan an yi musu jarrabawa, ta kuma ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma daga samarin ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Duk sa'ad da aka yi irin wannan babban ɗauka, murnar waɗanda suka samu ita ake ji a rediyo, amma kullum akwai wasu da suka zauna a benci ɗaya da su, su ma 'ya'yan jiha ne, su ma suna da haƙƙin a sallame su da mutunci.

Saboda haka kirana ga duk mai ɗaukar ma'aikaci, tun daga ma'aikatar gwamnati da ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a yankin nan, har mai makarantar kuɗi, da mai gidan mai, da mai kemis, abu ne mai sauƙi. Ranar ganawa a faɗa wa mutane ranar da sakamako zai fito, a kuma ce musu wanda bai ji kira ba zuwa ranar kaza ya ɗauka an sallame shi, kada ya jira. In ranar ta zo, a aika saƙo na layi biyu ga kowa, wanda ya samu da wanda bai samu ba. Tun da mun ɗanɗana zaman rashin sabis, a manna sunaye a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi, a kuma karanta sanarwa a gidan rediyo. In kuwa an fasa ɗaukar ne gaba ɗaya, don kuɗi ba su fito ba, a faɗa, babu abin kunya a ciki. Ku kuma samari, kafin ku tashi daga kujerar nan, ku yi tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, zuwa yaushe zan daina jira? In ajalin ya wuce ku kama abin da ke gabanku, kada ku yi tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.

Ɗan ƙanwar nan tawa yanzu ya kama sana'a, yana saro dankali da rogo yana kaiwa birni, alhamdu lillahi, yana rufa wa kansa asiri, ya ma daina zancen. Amma uwarsa ba ta daina ba. Ita ba ta yi boko ba, a duniyar da ta tashi kuwa in babban mutum ya ce zai nemi yaro to zai neme shi. Duk sa'ad da na je gaishe ta, bayan mun gama gaisuwa, sai ta rage murya, ba ta kama sunansa da yake ɗan fari ne, ta ce: "Yaya, wai har yanzu mutanen nan ba su nemi yaron nan ba?" Ni kuwa har yau ban san abin da zan ce mata ba, domin amsar ba a hannuna take ba. In wanda ya yi wannan magana yana cikin masu sauraro, to ya sani akwai wata baiwar Allah a Batsari da ta sayar da tunkiyarta a kan maganarsa, tana kuma nan tana jira.

Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya buɗa wa masu nema ƙofofin halal, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.